Sharhin da Auta Ta Ɓoye

Ranar da Auta ta fara aiki a kamfanin motocin mahaifinta, ta tarar da wani dogon saurayi a fili yana hana mutum sayen mota. Ya ɗaga bonet yana nuna masa inda mai ke ɗiga, yana roƙonsa ya haƙura har a gyara. Ta tsaya tana kallon ikon Allah. Da ya ɗago suka haɗa ido, sai makulli ya suɓuce masa ya faɗa cikin injin. Ya daɗe yana lalube, ita kuwa tana danne dariya.

Dogo ake ce masa, shi ne mai sayar da motocin. Ita kuma Baba ya damƙa mata shafin kamfanin na intanet, wanda sharhi bakwai kacal ke kansa, alhali mutanen yanzu ba sa taka ƙafa wurin mai mota sai sun karanta abin da wasu suka ce. Sai ta buga ƙananan katuna, Dogo yana haɗawa da makulli yana roƙon kowane kwastoma ya rubuta ra'ayinsa ya ba da taurari. Duk sharhin da ya shigo kuwa, kwamfutarta yake fara faɗawa, sai ta amince yake fita duniya ta gani.

Daga miƙa kati aka koma miƙa gaisuwa, daga nan zance ya yi nisa.

"Barka da safiya, Tauraruwa ta shida," ya rubuto mata wata rana. "Kwastoma na ba da biyar, Allah ya ƙara min ke."

Ta mayar masa: "Direbana, ka rage zaƙin baki, ni ba mota na zo saya ba."

Matsalar ta fara ne da sharhi ya soma shigowa. Maza ba su da dogon zance: "Mota mai kyau." "Ba laifi." Matan kuwa sai su zauna su zuba rubutu, kuma kowacce sai ta ambaci "dogon nan mai ladabi". Kishi ya turnuƙe Auta. Wai su motar suka saya ko mai sayarwar?

Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce wata kyakkyawa mai jar mota, da ta dawo har sau uku, yau fitila, gobe madubi. Auta tana leƙensu ta tagar ofis, tana juya cokali a kofin shayin da ya daɗe da hucewa. Ranar da sharhin matar ya shigo, layin farko kawai ta karanta. Ta buɗe wata ma'ajiya a kwamfuta ta jefa shi ciki, ta haɗa da na matan da suka riga shi shigowa. Daga ranar, da ta ga sunan mace ta ga "dogon nan", ba ta ƙarasawa, sai ma'ajiya.

Dogo bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya dai ga tana ɗaure masa fuska duk ranar da mace ta sayi mota, ya yi ta lallashi.

Da kawunsa ya zo nema masa izinin aurenta, Baba ya ce shi bai yarda da mai sayar da mota ba, ya manta shekara talatin ke nan yana sana'ar. Ya ce zai duba shaidar mutane tukuna, tunda ga shafi an buɗe. Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa. Sharhi ɗaya ne ya ambaci Dogo, na mutumin nan da aka hana mota, ya ba da tauraro biyu yana mita.

Abin da ya fi damun Baba shi ne rabin masu sayen motocinsu mata ne, amma babu mace ko ɗaya da ta ce uffan. Ya ce mutumin da mata suka yi shiru a kansa haka, akwai abin da yake yi musu, shi kuwa ba zai ba shi 'yarsa ba. Ƙarshen wata ma Dogo ya nemi aiki a wani wurin.

Saƙon Dogo ya same ta a kan teburinta: "Tauraruwa, wallahi kowacce na ba ta kati, kuma ban san abin da na yi musu ba. Idan na ɓata wa wata rai, Allah ya yafe min. Rashinki ne ba zan iya ɗauka ba."

Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta rungumi kwamfutar ta shiga ofishin Baba, ta durƙusa ta faɗi gaskiya, kanta a ƙasa.

Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya sa aka kira Dogo, sannan ya ce tunda ita ta ɓoye, ita za ta karanta, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

Talatin da ɗaya ne. Wata malamar makaranta ta ce ya hana ta sayen babbar mota, ya nuna mata ƙarama mai shan mai kaɗan. Wata dattijuwa ta ce ya koya mata canza taya har sau biyu bai ƙosa ba. Auta tana karanta "mai ladabi", Dogo yana kallon silin.

Na mai jar mota ne ƙarshe. Ta fara: "Dogon nan ya burge ni ƙwarai. Sau uku ina komawa ba don fitila ko madubi ba, har na nemi lambarsa. Sai ya ba ni ta ofis, ya ce wadda za ta ɗauka ita yake fatan aura, in yi mata magana da kyau don tana da kishi. Na ji haushi, amma mota lafiya lau take. Taurari biyar."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Baba ya cire tabarau ya yi dariya har da tari.

"Ashe ka san halinta," ya ce wa Dogo, "kuma a haka kake so?"

"A haka nake so, Baba."

"To, Allah ya ba ka haƙuri. Ke kuma ki saki shaidar mutane kafin ki tashi daga nan."

Ta sake su duka a ranar. Ba a yi wata uku ba aka ɗaura aure, Mama tana hawaye tana sa albarka, Baba yana addu'ar Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, kowa yana cewa amin.

Amarya ta dawo aiki da sharhi ɗaya da ba ta amsa ba. Ta zauna ta rubuta a ƙarƙashin na mai jar mota: "Mun gode ƙwarai, Allah ya tsare hanya. Idan madubin ya sake lalacewa, makanikenmu zai duba miki. Ya kusa saba'in, kuma ya iya aiki."