Akwatin da Ya Ƙi Hucewa

Ranar da Rubab ta fara shigowa shagon Tauqeer, zafin birnin Multan na Pakistan ya kai inda ko karnukan kasuwa sun daina haushi. Yana sunkuye kan wata kwamfuta sai ya ji an dire masa wani abu a kan tebur, an naɗe shi da mayafi.

"Kai ne mai gyaran, ko mai gyaran ya fita?"

Ya ɗago. Doguwar budurwa ce, idanunta sun yi jawur, amma muryarta ko rawa ba ta yi.

"Ni ne, baji. In ban yi miki kama da shi ba, sai in fita in sake shigowa."

Ya kira ta baji, wato babbar yaya, amma ba ta yi dariya ba. Ta warware mayafin. Akwatin ajiya ne irin na gida, baƙi, mai fayafai biyu, wanda ake haɗawa da intanet ya riƙa adana hotunan iyali da duk abin da kamarori suka ɗauka.

"Da an kunna shi sai ya ɗau zafi ya mutu. Minti biyar ba ya kaiwa."

A tsaye ta ba shi labari. Sati uku da suka wuce wasu suka tare yayanta Waqas a ƙofar gidansu da rana tsaka, suka rufe shi da duka da sandar ƙarfe. An ɗinke masa kai a wuri huɗu, har yau bai iya magana ba. Babu wanda ya yarda ya ce ya gani. Kamarar ƙofa ce kaɗai shaida, kuma abin da ta ɗauka yana cikin akwatin nan. 'Yan sanda sun gwada kunnawa sau biyu suka gaji suka tafi.

Tauqeer ya kwance murfin. Ya fara da ƙura, don ita ce mai laifi a mafi yawan lokuta, ya hure ta tas ya kunna. Zafin fayafan ya riƙa hawa har ya kai digiri saba'in, fanka ko motsi. Ya juya ta da yatsa, ta juya lafiya lau. Duk da haka ya cire ta ya sa sabuwa. Ita ma ta ƙi tashi.

"Fanka biyu ba sa mutuwa rana ɗaya," ya ce. "Akwatin ne yake ce musu kada su juya. Wa yake da lambar sirrinsa?"

"Jahanzeb. Mahaifinsa abokin Abbu ne, wato babanmu, shi kuma mai wurin gasa bulo ne. Shi ya kawo mana kamarorin kyauta." Ta ɗan kawar da kai. "Yana nemana da aure. Kullum yana asibiti da ledar mangwaro. Ya ce a bar akwatin, zai kawo mai gyaransa, yau sati uku ke nan. Shi ya sa na ɗauko ba da sanin kowa ba."

Tauqeer ya jawo wayar wuta. Ya haɗa fankar kai tsaye da wuta, ya tsallake umarnin akwatin. Nan take ta tashi da ƙugi. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon lambar tana sauka: sittin, hamsin da biyar, arba'in da biyu. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce, akwatin bai mutu ba.

Sai a lokacin Rubab ta yi murmushi. Tauqeer ya nemi sukudireban da ke hannunsa ya rasa.

Ta bar masa akwatin da lambar wayarta. Bayan la'asar ya danna ɗan maɓallin da ke bayansa da allura, ya sa sabuwar lambar sirri, ya buɗe rajistar da akwatin ke rubuta duk abin da aka taɓa a cikinsa. Washegarin dukan Waqas, an shiga an goge hoton ranar, an sauke gudun fanka zuwa sifili, an kashe ƙarar gargaɗi. Wanda ya yi ya san abin da aka goge ana iya tono shi muddin faifai na da rai, shi ya sa yake so su ƙone. Sunan da aka shiga da shi na Jahanzeb ne.

Bai gaya mata ba tukuna. Suna a rajista bai isa a kama mutum ba. Ya kwafe komai a wani faifan, ya kai wa mahaifiyarsa ta ɓoye a cikin buhun shinkafa, sannan ya shiga tono hoton da aka goge. Aikin kwana uku ne.

A cikin kwanakin nan wayarsa ba ta huta ba.

"Salam. Yaya majinyacina? Ya ci abinci?"

"Yana shan iska, baji, digiri arba'in. Ya ce in gaishe ki."

"Ka daina ce min baji. Na tambaya, ka girme ni da shekara uku."

"To me zan ce?"

"Kai da ka iya gano ciwon ƙarfe, wannan ne zai gagare ka?"

Ya karanta wannan saƙon ya fi sau ashirin. Ya rubuta "Rubab jan", wato Rubab abar ƙauna, ya goge, ya sake rubutawa, ya rufe ido ya aika. Ta amsa da cewa, "Wannan ya fi."

Rana ta uku da safe saƙon da ya zo daban ne.

"Jahanzeb ya ga babu akwatin, ya bi sawu. Ya ce wa Abbu kai ɗan iska ne, kana kwafar hotunan matan mutane kana sayarwa. Ka gaya min gaskiya. Ka kwafi hotunana?"

"Na kwafi komai, amma ki bari in yi miki bayani."

"Ashe a banza na yarda da kai, Tauqeer. Allah ya isa."

Ya kira, wayar a kashe. Ya sake kira har sau bakwai.

Gab da azahar hoton ya fito. Ga Waqas yana buɗe ƙofa, ga mutum biyu sun sauko daga mota sun kayar da shi. Sai na uku ya fito cikin farar riga, ya karɓi sandar, ya ɗaga da hannu biyu ya sauke masa a kai, ya sake, ya sake. Ko fuskarsa bai rufe ba, don ya san kamarar a hannunsa take. Tauqeer ya tura hoton cikin wayarsa, ya zura ta cikin safarsa.

Bai kai ga rufe shagon ba mota ta tsaya. Farar rigar nan ce ta shigo, da mutanen nan biyu. Ɗaya ya ja ƙofar ƙarfen ƙasa.

"Kai ne likitan fanka?" in ji Jahanzeb. "Ustad, an ce hannunka yana da albarka. Wanne ne a ciki?"

"Akwatin na mai shi ne. Ita za ta zo ta karɓa."

Marin farko ya haɗa shi da kanta, gilasai suka zubo. Suka bi shi da ƙafa, ciki da haƙarƙari, har ya daina jin ɗaiɗaikun dukan. Jahanzeb ya ɗauki guduma daga cikin kayan aikin Tauqeer, ya farfasa akwatin, ya zaro fayafan ya daddake su. Sannan ya sa aka shimfiɗa hannun daman Tauqeer a kan teburin.

"Akwai wani kwafin?"

"Babu."

Gudumar ta sauka. Ihun da ya yi har masu shagunan layin suka ji, amma babu wanda ya ɗaga ƙofar sai da motar ta tafi.

Maƙwabcinsa mai sayar da batir ya ce asibiti za su. Tauqeer ya tofar da jini ya ce, "Unguwar Gulgasht tukuna, gidan su Rubab. Ka ɗora ni a babur ɗinka."

Master Inayat, mahaifin Rubab, tsohon malamin lissafi ne, da kansa ya buɗe ƙofa. Da ya ji sunan, bai tsaya kallon jinin ba, ya ɗaga sandarsa ya zabga masa a kafaɗa.

"Har gidana? Ɗana yana kwance, kai kuma 'yata ka sa a gaba? Fita!"

"Master sahib, ka dake ni yadda kake so. Amma ka kalli wannan, minti ɗaya ne."

Ya miƙa wayar da hagu. Tsohon ya kalla a tsaye. Sandar ta suɓuce daga hannunsa.

Jahanzeb yana ɗakin baƙi a lokacin, ya riga ya iso yana jiran shayi kamar kullum. Jin hayaniya ya fito tsakar gida. Yana ganin wayar ya gane.

"Chacha ji, baffana, haɗi ne. Yaran nan sun iya haɗa hoto."

"Kai ka ɗauki Waqas ka kai shi asibiti," in ji tsohon. "Da jininsa a rigarka. Har na sa maka albarka."

"Shi ya ja! Don na hukunta lebura ɗaya a wurin aikina sai ya ce ba zan auri ƙanwarsa ba? Shi wane ne?"

Ya zura hannu a ƙugu ya zaro ƙaramar bindiga. Tauqeer ya faɗa kansa da kafaɗa, suka zube tare, harsashi ya fasa tukunyar fure. Jahanzeb ya juye shi ya danne karyayyen hannun da gwiwa, ya kai bakin bindigar wuyansa.

Rubab ce ta fito daga kicin da butar shayi tana tafasa. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi gargaɗi ba. Ta juye masa ita a fuska da hannu, sannan ta maka masa butar a ƙeya. Kafin ya gama birgima maƙwabta sun cika gidan, suka ɗaure shi da igiyar shanya har 'yan sanda suka iso.

Ta durƙusa kusa da Tauqeer, ta yagi gefen mayafinta tana share masa jini.

"Hannunka... wayyo hannunka. Ni na ce maka Allah ya isa."

"Janye ta kawai, jan. Ta kama ni da wuri."

Tana kuka tana dariya. Mahaifinta na tsaye a kansu yana jin su.

An sa wa hannun ƙarfe uku. Ɗan yatsansa ƙarami bai sake lanƙwasawa ba. Mahaifiyarsa ta fito da faifan daga buhun shinkafa ta kai wa 'yan sanda da kanta, Jahanzeb da mutanensa suka wuce gidan yari.

Amma da ta je neman aure bayan wata biyu, Master Inayat ya karɓe ta da mutunci, ya kuma ƙi.

"Bahen ji, 'yar'uwa, ɗanki ya yi mana abin da ba za mu manta ba. Sai dai danginmu ba ɗaya ba ne, kuma 'yata ta yi digiri. Na yi kuskure sau ɗaya, ina tsoron na biyu."

Da yamma saƙo ya shigo.

"Kada ka karaya, mai hannu ɗaya. Ba zan gudu ba, ba zan kuma auri kowa ba. Abbu malamin lissafi ne, yana daɗewa kafin ya yarda da amsa."

Tauqeer bai sake aika kowa ba. Ya koyi riƙe sukudireba da hagu, ya gyara shagonsa. Duk ranar Juma'a yakan je ya ɗauki Waqas, wanda aka sallamo yana jan ƙafa, ya zagaya da shi bakin titi suna koyon tafiya, mai karyayyen hannu da mai fasasshen kai. Yaran unguwa har suna suka sa musu, wai motar da ta yi haɗari.

Maganar Waqas ta dawo da kaɗan-kaɗan. Wata rana ana cin abinci ya ajiye gurasarsa ya dubi mahaifinsa.

"Abbu... wancan... danginsa ka duba."

Ya daɗe yana neman sauran kalmomin, kowa na jira.

"Wannan... Tauqeer... shi ka duba."

Master Inayat ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau keke-napep har kasuwa, ya tsaya a ƙofar shagon.

"Puttar, ɗana, na dake ka kana zubar da jini saboda ɗana. Ban taɓa ba ka haƙuri ba."

"Ya wuce, Master sahib."

"Bai wuce ba. Ka ce wa mahaifiyarka ta dawo, ta zo da kayan zaƙi. Kuma ka daina ce min Master sahib, ba ajina kake ba."

An ɗaura aure cikin sanyi, bayan an gama girbin auduga. Waqas ne ya sa hannu a matsayin shaida, ya ɗauki minti biyu kafin ya gama rubuta sunansa, aka jira shi babu mai gaggawa. Da za a fita da amarya, ya riƙe Alƙur'ani a saman kanta har bakin mota.

Master Inayat ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a kan na Tauqeer, ya haɗa su cikin tafukansa biyu.

"Ga ta nan. Tana da zafin kai, ka gani da idonka."

"Abbu!" in ji Rubab daga cikin jan mayafinta, tana shessheƙa.

Tsohon ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya sa kada wanda ya sake ɗaga hannu a kan ɗayanku, ya ba ku zuriya mai tsoronsa da ƙarfin hali."

Duk layin aka amsa da amin. Mota ta ja a hankali, Rubab ta jingina kanta a kafaɗar mijinta.