Ita Kaɗai Ta Fito a Hoton

Kawun yarinyar nan ne ya ja uwarta ta mutu ba ta ga auren 'yarta ba. Shi ne, kuma ya sani.

Yarinyar tela ce. Ta je shagon hoto a ɗauke ta da wata riga da ta ɗinka. Mai hoton, wani siririn saurayi, ya zaunar da ita gefen taga, ya cire gajeren gilashin kyamara ya ɗaura dogo, ya yi ta ja da baya har ya bugi ƙofa.

"Tsorona kake ji?" ta ce.

"Hancinki nake tausayi. In na matso da gajeren gilashi kumbura zai yi, kunnuwanki su gudu baya."

Dariya ta hana ta zama daidai, duk ɗaukar da ya yi sai ta ƙifta ido. Ranar ya sa mata suna Ƙiftau.

Da yamma saƙo ya shigo: "Ƙiftau, hoto ya fito, amma ba a bai wa ɗan aike."

Ta mayar: "Mai hotona, a rage wayo. Gobe ina tafe."

Mamanta tana kwance ciwo ya ci ƙarfinta, amma yaron ya kwanta mata a rai. Ita ta ce ya zo ya ɗauki iyalin gaba ɗaya. Aka jingina Mama a kujera, Baba ya tsaya gefenta, yarinyar ta zauna a gabansu. Ɗakin da duhu, sai ya buɗe idon kyamara har ƙarshe don haske ya shiga. In an yi haka, wanda aka saita kaɗai ke fitowa tas, na bayansa su dushe. Shi kuwa yarinyar ya saita.

Mama ta ga hoton ta yi dariya har da tari. "Yaron nan ba ya ganin kowa sai ke."

Kawu, wan Mama, yana da ɗa da yake son a bai wa yarinyar. Ya kai wa Baba hoton. "Tun bai shigo gidan ba ya mai da kai hayaƙi. In ya aure ta fa?"

Baba ya ce an rufe maganar aurenta da mai hoto.

Yarinyar ta jira mai hoto ya zo ban haƙuri, shiru. Ta rubuta: "Ashe soyayyar taka ma dusashewa take yi."

Ya amsa: "Ƙiftau, kullum ina ƙofar gidanku da kyamara don in sake ɗauka. Kawu ya ce Baba ya rantse kada in taka ciki."

Ta buɗe baki za ta gaya wa Baba, ya katse ta. Mama ta roƙa har muryarta ta tafi. Haka ta rasu.

Bayan rasuwarta, Baba ya birkice ɗaki yana neman hoton matarsa, bai samu na kwanan nan ba sai wancan. Ya sa aka kira mai hoto. "Gyara min fuskarta."

"Baba, ba ta gyaruwa. Laifina ne. Na yi ta zuwa in sake tun tana da rai, aka ce kun hana."

"Wa ya ce?"

Ya faɗa. Baba ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Turo manyanka."

Ranar aure abokin ango ne ya riƙe kyamara. Ango ya fito da kowa wurin haske, ya ce wa abokin, "Ja baya, ka tsuke idon kyamarar, kowa ya fito." Amarya tana hawaye ya raɗa mata, "Yau ki ƙifta yadda kike so." Baba ya sa musu albarka, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Kawu kuwa ya kutso sahun gaba yana washe baki, ko kunya babu. Har yau bai ce wa kowa a yi haƙuri ba. A tara dangi, a tsayar da shi gaban marainiyar nan, ya faɗa da bakinsa dalilin da ya hana ƙanwarsa ganin wannan rana.