Ƙaryar da Ta Cinye Rabin Fadama

"Halako, dube ni!"

Ta kasa. Idonta na kan toka, inda jiya kacala ta fi mutum tsayi a bakin kogin Tana.

Komora ne, saurayinta mai ƙidayar tsuntsaye.

"Ni na koya miki. Babban tsuntsun kacala, mai kaurin baki, ya cika duniya. Ƙaramin, ɗan Basra, mai siririn baki da farin ƙirji, saura kaɗan ya ƙare, kuma nan yake sauka. Me kika gaya wa masu kamfanin rake?"

"Na ce duk manyan ne..."

"Saboda me?"

"Ƙawata Hadida ta ce za ka auri 'yar Nairobin da kuke aiki tare. So na yi ka ji zafi."

"Matar aure ce, 'ya'yanta uku!"

Sakarya! Don kishi ta dangwala hannu a takardar shaida cewa babu ɗan Basra a fadamar, kamfani ya samu hujja ya cinna wa rabin fadama wuta, wurin da mata ke yankan kayan tabarma tun kakanni. Ko haƙuri ba a ba su ba.

Kwana huɗu ba ta leƙa waje ba, sai da uwarta ta yaye mata zane.

"Da ina ƙin ki auri mai bin tsuntsu. Yau ke ce ba ki kai shi ba. Tashi!"

Dattawa na zaune da wakilin kamfani a gindin mangwaro, ana maganar ƙona sauran rabin. Halako ta durƙusa.

"Ƙarya na yi, iyayena."

Wakilin ya yi dariya. "Wacce za mu ɗauka, 'yammata, ta da ko ta yau?"

Komora ya miƙo jakar ƙyalle, bai kalle ta ba. Ta zaro tsuntsun da ke ciki, ɗan Basra mai siririn baki.

"Auna bakin da kanka, Malam."

Bai auna ba. Dattawa suka hana wuta.

Ta bi Komora har bakin ruwa. "Masoyina..."

"Ban huce ba."

"Na sani."

Ya jawo kwalekwale, sannan ya miƙa mata filafili.

"Shiga. Mun bar ragar tsuntsaye a kafe, kuma ba na son matata ta iya kuka ta kasa tuƙi."

Uwarta ta ɗaga murya daga gaɓa. "Aure na yarda! Amma rabin da suka ƙona, wallahi da hannunsu za su dasa mana shi!"