Rakodar da Ta Yi Raino

A unguwar Akokan, a garin Arlit, akwai wata yarinya ƴar aji biyar. Tana da wayo. Ita ma ta san haka, kuma ba ta ɓoyewa.

Babanta yana da tsohuwar rakoda mai kaset. Ya saye ta tun yana saurayi, lokacin da ya zo daga Damagaram aikin haƙar ma'adinai. Rakodar tana cin pil, wato batir, kamar akuya ta samu dusa. Kaset ɗaya ya rage mata, na kiɗan gurmi. Shi ma ya tsufa, mawaƙin yana rerawa kamar mai mura.

Ba mai son rakodar a gidan sai Baba da autansu Fatahu, ɗan shekara biyu. Da Fatahu ya ji ta, sai rawa.

Wata rana Kawu Halidu, direban kamyo, wato babbar motar kaya, ya kawo wa yarinyar tsaraba. Ƴar na'urar jin waƙa ce, ba ta fi kwalin ashana ba. Tana da ekuta, igiyar nan da ake cusawa a kunne.

"Baba, dubi tawa," in ji yarinyar. "Aljihu take shiga. Taka kuwa sai an rungume ta kamar jariri."

"Haka ne."

"Tawa waƙoƙi ba iyaka. Taka ɗaya tak, ita ma da tari. Kuma tawa ba a naɗe mata zare da biro."

"Duk gaskiya ne," in ji Baba. "Amma ni, in tawa tana waƙa, ina jin sallamar baƙo. Ke fa?"

Ba ta ji tambayar ba. Ta riga ta mayar da ekuta kunne.

Ran Asabar da safe, Baba ya kai rakodarsa gyara wajen Baba Timoti, mai rumfa a ƙarshen layi, kusa da babban titi, ya bar ta can ya wuce. Inna kuma ta ɗauki kwandon kasuwa.

"Ga Fatahu nan a kan tabarma," ta ce. "Idonki a kansa. Ki cire igiyar nan daga kunnenki."

"To, Inna."

Ta cire kuwa, har Inna ta sha kwana.

"Waƙa ɗaya kawai," ta ce wa kanta. Ta mayar da ekuta kunne, ta juya tana wanke kwanoni. Ashe waƙa ɗaya a wannan na'ura tana da ƙanne da yawa.

Da ta waiwaya, ba kowa a kan tabarma. Ƙofar gida a buɗe take.

"Fatahu!"

Shiru.

Ta fizge ekuta. Ta duba ɗaki, ta duba bayan randa, ta leƙa ƙarƙashin gado. A bakin ƙofa ta tsinci takalminsa ƙafa ɗaya.

Ta buga wa maƙwabciya ƙofa. "Iya Zulaihatu, kin ga Fatahu?"

"Ban gan shi ba, ƴar nan. Amma tun ɗazu na ji ƙarar ƙofarku. Ke da ke ciki ba ki ji ba?"

Ta kwasa a guje.

Layinsu yana ƙarewa ne a titin da manyan motoci ke bi zuwa Assamakka. Tayar kowace ta fi Fatahu tsawo. Direba yana can sama, ba ya ganin abin da ke ƙasa.

Daga nesa ta hango wata mota a tsaye. Mutane sun taru a gefenta, suna duban ƙasa.

"Ya Allah, ba shi ba ne," take ta faɗi. "Ya Allah, ba shi ba ne." Ta kutsa tsakanin mutane da takalmin a hannu.

Taya ce ta fashe.

Ta koma gefe tana kuka. Ba ta san inda za ta nufa ba. Ta tsaya cik. Yanzu kam ba komai a kunnenta, sai ta fara ji. Ta ji injin mota. Ta ji kukan jaki. Can ƙasa-ƙasa kuma ta ji gurmi, da wani mawaƙi mai mura.

Ta bi muryar da gudu.

A rumfar Baba Timoti, ga Fatahu yana rawa a gaban rakoda, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ta sure shi ta ƙanƙame. Shi kuwa ya yi ta zillo, don an katse masa rawa.

"Ina gwada rakodar ne, na hango shi ya nufi titi," in ji Baba Timoti. "Kafin in tashi da ƙafar nan tawa mai ciwo, ya ji kiɗan ya juyo da kansa. Tun ɗazu nake juya kaset, don kada ya gaji da ni. Ke kina ina?"

Ta sunkuyar da kai.

Da Baba da Inna suka dawo, ta faɗa musu komai. Inna ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana riƙe da Fatahu.

Baba ya miƙo hannu. Yarinyar ta sa masa na'urar a tafi.

"Za ta zauna a akwatina har a yi hutu," ya ce. "Na'urarki ba ta da laifi. Ta fi tawa, kin faɗa kuma na yarda. Amma wanda aka ba amana ba ya toshe kunnensa."

"Na ji, Baba. Ku yafe mini."

"Kin ji? Madalla. Ashe kunnen yana aiki."

Har Inna sai da ta yi dariya.

Da hutu ya zo, aka mayar mata da abinta. Tana saurare in ta gama aiki. In kuwa aka bar mata Fatahu, sai ta rataye ekuta a ƙusa, ta kunna tsohuwar rakoda. In zaren kaset ya warware, ita ke neman biro.