Wadda Ke Zaune a Maɓallin Murya

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da mai gyara ya koma kan tsohuwar talabijin ɗin da aka kawo masa. Mai kala ce, irin ta da, mai jikin katako da ƙatuwar ƙeya, wadda sai ƙarti biyu ke iya ɗagawa. Mai ita ya tsinto ta ne a wani gida da aka daɗe da rufewa, yana so ta dawo kamar sabuwa. Shagon kuwa ɗaki ne a gaban gidan mai gyaran, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon tsakar gida.

Hoto ya riga ya fito tas, kala ta zauna. Maɓallin murya kaɗai ya rage. Da an murɗa shi sai sautin ya yi karce-karce, ya ɓace, ya dawo da ƙarfi kamar zai fasa kunne. Wannan ba sabon ciwo ba ne a wurinsa. A cikin maɓallin akwai wani baƙin zobe da ɗan harshen ƙarfe ke bi ta kai, idan shekaru suka ja sai zoben ya cinye, ƙura ta daskare a kansa. Maganinsa a fesa man wanke kayan lantarki a ciki, a yi ta murɗawa har ya saki.

Matarsa ta leƙo ta ƙofar ciki.

"Baban Auta, magariba ta yi. Ka bar shi sai gobe mana."

"Yanzu zan gama," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Yanzu" ɗin nan nasa kowa ya san ta a gidan, abinci ya sha hucewa a kanta. Mutum ne da ba ya iya barin abu a lalace ya kwana, ko da abin bai roƙe shi gyara ba. Ya zare wayar wuta, ya cusa bakin gwangwanin feshi a ramin maɓallin, ya danna, ko bisimilla bai yi ba. Sannan ya kama murɗawa, hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, da sauri. A wani wuri maɓallin ya cije, kamar akwai abu mai laushi a ciki. Ya sa ƙarfi ya wuce da shi.

Wani siririn kuka ya fito daga sifika. Ya dubi wayar wutar tana yashe a ƙasa. Ya ce wa kansa ai tsofaffin nan sukan riƙe ragowar wuta ko an kashe su. Bai gama lallashin zuciyarsa ba, dutse ya faɗo a rufin kwano.

Tun daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da hasken rana ya fara dushewa sai jifa ta fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Maƙwabta suka zagaye gidan da fitilu, ba su ga kowa ba. Duwatsun da aka tsinta a tsakar gida da ɗumi a jikinsu. Daga shagon da ke kulle kuma ana jin kukan mace, yana ƙaruwa yana raguwa, kamar wani na wasa da maɓalli.

Sai abin ya koma kan Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage a gabansu. Budurwa ce mai surutu, uban kan tsokane ta ya ce ita ce rediyon da ba shi da makashi. Wata yamma tana ninke kaya tana ba uwarta labarin makaranta, maganar ta yanke a tsakiya, bakinta na motsi babu sauti. Can muryar ta dawo da tsawa, da karce-karce a cikinta. Sannan kanta ya juya hagu a hankali har ya tsaya, ya juya dama har ya tsaya, ya sake komawa.

Uwar ta rungume kan da hannu biyu, abin ya ja ta har da ita. Aka kai Auta asibiti da safe, aka duba wuya, ba a ga komai ba. Da rana lafiya lau take, sai dai gajiya. Amma kowace magariba juyin na ƙara nisa, haɓarta na ƙara matsawa kusa da kafaɗa, kuma kowa ya san wuyan ɗan Adam yana da iyaka.

Uban ne ya fara gane abin da yake gani. Yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon kan 'yarsa na zuwa hagu da dama, sai ya ga motsin hannunsa ne sak a kan maɓallin. Ya faɗa wa matarsa duk abin da ya faru a shago. Ba ta ce masa ai na gaya maka ba, ta dube shi kawai, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya je ya ɗauko wani malami, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya saba da irin wannan aiki. Malam ya saurari labarin, ya duba talabijin ɗin, ya ce a shimfiɗa wa yarinyar tabarma a tsakar gida.

"Duk abin da aka tambaye ka, kada ka amsa," ya ce wa uban. "Ni zan yi magana."

Rana ta faɗi. Tsuntsaye suka yi tsit, dutse na farko ya sauka a kwano. Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, kan Auta ya fara juyawa. Karatun ya yi nisa kafin bakinta ya buɗe, muryar da ta fito kuwa ta wata mata ce, busasshiya, mai kaushi.

"Ka daina ƙona ni, dattijo."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi min komai ba. Ubanta ya yi." Idanun Auta suka juyo kan mai gyara. "Shekara da shekaru ina zaune a lungun nan, ba mai taɓa ni, ni da ɗana. Ya zuba mana ruwa mai ƙuna. Ya murɗa, ya murɗa. Yaron ya tokare da jikinsa, ya sa ƙarfi ya bi ta kansa. Ɗana bai tashi ba. Ni ma zan murɗa har ƙarshe."

Uwar ta toshe baki da mayafi. Mai gyara ya durƙusa.

"Bai san kuna ciki ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah, ki fita."

"A ba ni idonta, in fita."

"Ba za a ba ki ba."

"To muryarta."

"Ko gashi ɗaya ba za ki tafi da shi ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Ta yi ƙara, jifa ta sauko kamar ruwan ƙanƙara, amma kan bai tsaya ba. Haɓar ta kai kafaɗa. Malam ya ɗaga wa uban hannu alamar ya yi haƙuri, ƙarfinta na ƙarewa.

"To yatsun da suka murɗa," muryar ta ce tana haki. "Babba da manuni. Ya ba ni su, yanzu in tafi."

Duk sana'arsa a yatsun nan biyu take. Da su yake jin inda zobe ya cinye tun kafin ya buɗe, da su yake riƙe wayar da ta fi zare siranta. Ya dube su, ya dubi 'yarsa. Haɓar ta wuce kafaɗa, wani abu ya yi ƙas a wuyanta.

"Na ba ki!" ya ce da ƙarfi. "Na ba ki, ki sake ta!"

Malam ya runtse ido. Jikin Auta ya girgiza, ƙafarta ta hagu ta miƙe, ta saki. Kanta ya dawo daidai a hankali. Jifa ta tsaya, shagon ya yi shiru, har aka jiyo motar da ke wucewa a titi.

"Da ka ƙara haƙuri kaɗan, da ta fita hannu wofi," Malam ya ce a hankali.

"Na sani, Malam. Ban iya ba."

Auta ta buɗe ido, ta nemi ruwa da muryarta ta gaskiya. Da ta sha, ta laluba ta kamo hannun ubanta na dama, ta damƙe yatsunsa. Yana kallon yadda take matse su har fatar ta yi fari, amma bai ji komai ba, kamar hannun wani ta riƙe.

"Baba, kuka kake? Na matse ka da yawa ne?"

"A'a, Auta," ya ce. "Riƙe da kyau."