Ƙafafu Biyar a Bangon Sito

Ranar Alhamis ce, sha huɗu ga Yuni, ƙarfe shida saura kwata na yamma, Wezi Msiska ya dawo garejina a Mzuzu da motarsa ta ɗaukar kaya. Da safe na cire masa tsofaffin fitilu, na sa sababbi masu ƙwayar gilashi kamar idon bijimi. Saura saitin haske, shi kuwa sai rana ta faɗi.

Irin wannan fitilar tana yanka haske ne kamar da reza: ƙasa fari tas, sama duhu. In an danna babban haske, wani ɗan ƙarfe a ciki ya yi ƙas, sama ma ta buɗe.

Na ajiye motar mita bakwai da rabi daga bangon tsohon sito, na manna selotef biyu a tsayin ƙugu. Tun a makarantar mishan aka koya min auna abu sau biyu. Da na duƙa, sai na ga ɗanyen ganyen turare maƙale a bambar motar.

A nan, in an shimfiɗa ganye a titi, gawa ce a kusa. Mai keke ya sauka, mai mota ya lallaɓa. Na tambayi Wezi ko ya rage gudu da ya bi ta kan ganyen. Ya yi dariya, ya ce kabejin da yake dako ba ya jiran matattu.

"Dada Harawa," ya ce min, wato Baba Harawa a yarenmu, "kai da tsoro kamar kaza. Ɗaure kusarka mu tafi."

Ya shiga, ya kunna fitila. Hazo ya fara saukowa. Ina juya kusar saiti, layin haske na hawa a hankali, har ya zauna kan selotef.

Sai karnukan unguwa suka yi tsit.

Ƙamshin sabuwar ƙasa ya taso, irin wadda aka haƙo daga zurfi.

Inuwa ta shigo bangon daga hagu. Ƙafafun mutane, daga ƙugu zuwa ƙasa, suna takawa sannu. Na duba tsakanin mota da bango. Ba kowa.

Na ƙirga, don ƙirga ɗabi'ata ce. Mutum uku a can gefe, biyu a nan. Tafiyar masu ɗaukar akwatin gawa ce, amma kusurwar baya ba mai riƙe ta. Daga takunsu na gane akwatin na rinjaya.

Suka tsaya.

Na cire hulata. Na raɗa masa ta taga: "Ɗana, kashe fitilar. Bari su wuce."

"Su wane ne?"

"Ba naka ba ne ka sani. Suna neman na shida."

Na ji numfashinsa. Na ga yatsarsa na neman sandar fitila. Na kai hannu, ban kai ba.

Ƙas.

Ni idona na kan selotef, can na bar shi. Abin da ke sama da layin, Wezi kaɗai ya gani.

Ƙofar mota ta buɗe.

Sanyi ya gifta ta kafaɗata, ya ɗan dakata, kamar ana gwada tsayina.

Ya wuce.

Na fizge wayar batir. Duhu ya rufe mu.

Wezi na zaune a kujerarsa, kafaɗarsa ta dama a sunkuye. Ya ce min kawai, "Dada, da nauyi." Bai ƙara magana ba. Ranar Lahadi aka shimfiɗa ganye a ƙofar gidansa.

Bayan wata biyu na yi wa wata mota saiti a bangon nan. Ƙafafun suka sake wucewa, ba su tsaya ba. Na ƙirga shida. Na bayan gwame ne, kuma duk Mzuzu an san tafiyar Wezi.

Tun ranar na bar aikin fitila. Ni na sa ɗan ƙarfen nan mai buɗe sama da hannuna, na kuma sa shi daidai.

Waɗanda suka rage: matarsa NyaMhango, 'yarsa Tamara, mai tafiya irin tasa, motar, wadda ba wanda ya taya, selotef biyu a bangon sito, da ni, da ba na ɗaga ido sama da ƙugun mutum in magariba ta yi.