Na'urar Ƙofar Gudiya

Tun da matata Gudiya ta rasu, ni kaɗai nake kwana a gidanmu na Jega. Shi ya sa ɗiyata ta turo Sagir daga Aliero ya sa mini sabon allon ƙararrawar tsaro, mai ƙara in an buɗe ƙofa.

Ya canza na'urorin ƙofofi duka, ban da tsohuwar da ke ƙofar ɗakin Gudiya. Na roƙe shi ya bar ta, don ƙararta ce ke sanar da ni ta fito, a shekarun da take jinya.

"Malam, wagga ba ta aiki da sabon allo," in ji shi. "Sababbin a ɓoye suke aika saƙo, don kada ɓarawo ya toshe su. Allon ba shi amsa baƙo, sai wanda ya sani."

Ya cire batirinta ya ba ni, na sa a aljihu.

Bayan magariba ina zaune ina duba takardun ɗalibai, sai allon ya yi ƙara sau ɗaya, a hankali. Na kira Sagir a waya, na ce masa allon ya yi ƙara alhali ni kaɗai ne a gidan.

"Ba shi yiwuwa, Malam. Wace ƙofa ta buɗe?"

Ƙanshin man zafin da nake shafa wa Gudiya ya cika falon. Sai na ji tafiya, ana jan ƙafar hagu a kan siminti.

Na laluba aljihu. Batirin yana nan, da sanyinsa.

Daga bayana aka ce, "Malam, har yanzu ba ka ci tuwon ba?"